Shin Ko Kun San? Keken Tsere da Keken Dutse a Hawan Tudu

Shin ko kun san keken da ya dace da mutumin Roni ba lallai ya dace da na Ɓaɓura ba? Duk a arewa maso yammacin Jigawa suke, amma ƙasar Kazaure da Roni tana da duwatsu da tuddai, ita kuwa Ɓaɓura shimfiɗaɗɗiya ce mai rairayi har iyakar Nijar.

Ko kun san ba ƙarfin cinya kaɗai ke hawan tudu ba? Sirrin yana cikin giya. Tsohon keken da iyayenmu suka hau, irin Raleigh da Phoenix, giya ɗaya gare shi: ka juya feda sau ɗaya, tayar baya ta juya kusan sau biyu da rabi. A shimfiɗe wannan daɗi ne. Da an iso gindin tudu kuwa sai ka ga mutum ya miƙe tsaye kan feda, keken na karkata dama da hagu, sarƙa na ƙara, daga bisani ya sauko ya tura, musamman in akwai buhun gero a kariya. Keken dutse yana da ƙaramin faranti a gaba da babban haƙori a baya, har ta kai feda ta zagaya sau ɗaya taya ba ta cika zagaye ɗaya ba. Tafiya ce ta hawainiya, amma ba za ka sauka ba.

Ko kun san keken dutse ɗan baya-bayan nan ne? Wasu matasa ne a gundumar Marin ta Kalifoniya a Amurka, cikinsu har da Joe Breeze da Gary Fisher, suka ƙirƙiro shi a shekarun 1970. Kamfanin Specialized ya fito da samfurin Stumpjumper a 1981, kuma a 1996 aka shigar da tseren keken dutse gasar Olamfik a Atlanta.

A kan kwalta fa? Nan keken tsere ke cin kasuwarsa, saboda rashin nauyi da siririyar taya. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta ma hana a shiga gasa da keken da bai kai kilo 6.8 ba. An fara gasar Tour de France a 1903, amma sai a 1937 aka yarda mahaya su yi amfani da abin sauya giya. Kafin nan, mai son sauƙin hawa sai ya sauko ya kwance tayar baya ya juya ta.

Ko kun san ɗan Afirka ya taɓa sanya rigar gwanin hawan dutse a wannan gasa? Daniel Teklehaimanot ne, ɗan Eritiriya, a 2015. Babban birnin ƙasarsa Asmara yana bisa tsauni fiye da mita 2,300 daga teku.

A ganina, matashin da zai sayi keken gwanjo a yankinmu ya bar ruɗin siririyar taya. Faɗinta bai cika wuce milimita 30 ba, ta keken dutse kuwa ta haura 50. Siririya tana nutsewa a rairayi, tana santsi a burji, kuma ƙayar tsidau ba ta raga mata. Sai dai in kwalta ce hanyarka kullum, kamar ɗalibin da ke zuwa kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure.

Kafin ka biya kuɗi, ɗaga tayar baya ka juya feda, ka ga sarƙa tana hawa babban haƙori ba tare da zamewa ba. Ka matsa birki gaba da baya, domin duk tudun da ka hau sai ka gangaro shi. Sannan ka tambayi mai gyaran keken unguwarku ko ana samun tiyub da wayar giyar wannan samfurin a kusa, ko kuwa sai an aika Kano.