Tsadar kujera da mafarkin bin hanyar Sawakin

Ranar 15 ga Mayun 2024 jirgin farko na alhazan Najeriya ya tashi daga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Birnin Kebbi, aka yi ta murna. Amma kujerar da aka biya kusan naira miliyan 3 a 2023 ta doshi miliyan 7 a 2024, a 2025 kuma ta haura miliyan 8. Shi ya sa wata tsohuwar magana ta dawo majalisun matasa daga Birnin Kebbi har Argungu: a bi ta ƙasa, a ratsa Chadi da Sudan, a kai Sawakin a gaɓar Bahar Maliya, a tsallaka Jidda. Shawara ce mai halaka mutum, kuma tsada ce ta haife ta.

Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da hukuma ke bayarwa a kan naira 460 ta wuce 1,500 cikin shekara guda. Kusan duk abin da alhaji ke biya da dala ko riyal ake lissafa shi: jirgi, masaukin Makka da Madina, tantin Mina, guzuri. Shi kuwa manomin fadamar Argungu da naira yake sayar da shinkafarsa, ga fetur na injin ban ruwa ya ninka bayan cire tallafi. Ya yi shekaru yana tari, duk lokacin da ya kusa sai kuɗin su ƙara gaba. Mutumin da ya ga haka sau biyu ko uku ba ya buƙatar mai zuga shi kafin ya fara tambayar motar Maiduguri don kama hanyar Chadi. Bidiyon masu tafiya Makka a keke da ake yaɗawa a waya sun iske zuciya ce a shirye.

Masu goyon baya sukan ce ai kakanninmu sun bi ta. Gaskiya ne. Bayan yaƙin Burmi a 1903 jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru sun nausa gabas har suka kafa Mai Wurno a Sudan, kuma alhazai sun yi shekaru suna noma da ƙwadago a hanya kafin su ga teku. Sai dai ayari suke tafiya, kuma ba a tambayarsu biza.

Yau hanyar ta Darfur take bi. Yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, an yi wa fararen hula kisan gilla a Al-Junaina, kusa da iyakar Chadi. Gaɓar tekun ma ba ta tsira ba, don jirage marasa matuƙa sun kai hari Port Sudan a Mayun 2025. Wanda Allah ya tsallakar kuma zai isa ba shi da izinin Hajji. A 2024 Saudiyya ta ce mutum 1,301 suka rasu a lokacin aikin, kashi 83 cikin ɗari ba su da izini, ba tanti ba mota a cikin tsananin zafi.

Malamai sun san amincin hanya yana cikin sharaɗin ikon zuwa Hajji, ya kamata su faɗa a kan mumbari. Hukumar alhazai ta Kebbi kuma ya kamata ta kai adashin gata na Hajji ƙauyuka, yadda manomi zai riƙa zubawa bayan kowace kaka.