Tsohon Keken Ɗinki da Ƙaryar Jar Zaiba

A unguwar New Bell ta birnin Duwala, inda telolin Hausawa suka daɗe suna ɗinka manyan riguna a kewayen Kasuwar Kongo, akwai tsofaffin kekunan Singer da suka ga jiya suka ga yau, kuma saboda jita-jitar da ta ƙi mutuwa wasu na kwance su da fatan samun abin da ake kira jar zaiba, wato wani ruwa da ake riya cewa yana jawo dukiya.

Wannan zance ƙarya ne tsagwaronta. A shekarar 2009 ya mamaye Saudiyya, har aka riƙa taya keke guda riyal 200,000, ana kara wayar salula kusa da allura wai idan layi ya ɗauke to akwai zaibar a ciki, kafin hukumomi su bayyana cewa damfara ce. Kan keken zubin ƙarfe ne, kuma duk wanda ya taɓa buɗe shi ya san babu komai ciki sai sanduna da ƙafafun juyi da busasshen mai. Abin takaici shi ne mai hankali ya yarda cewa masana'antar Singer ta Kilbowie da ke Sikotilan, wadda ta ƙera miliyoyin kekuna kafin a rufe ta a 1980, za ta ɓoye abin da ya fi zinariya tsada a cikin kayan da take sayar wa talaka biya sannu.

Darajar da masu tara kayan tarihi suke nema tana jikin fentin keken ne: baƙin shafe mai ƙyalli da aka gasa a wuta, da zanen ruwan zinariya irin na samfurin 66 da ake wa laƙabi da mai jajayen idanu, da fenti mai kaushi na shekarun yaƙin duniya na biyu, da tambarin cikar kamfanin Singer shekara ɗari na 1951. Wani lokaci ƙarancin samfurin ma yakan ɗaga farashi.

Saboda haka wanda ya gaji keke kada ya sake masa fenti, kada ya dirje shi da yashi ko sabulun gari, kada kuma ya kusantar da shi ga sifirit, domin yana narkar da shafen da ke kare zanen, zinariyar ta koma fari fat. Man keke kaɗan a tsumma mai laushi ya wadatar. Danshin Duwala yana haifar da tsatsa cikin gaggawa, don haka a ɗaga keken daga ƙasa lokacin damina, a rufe shi da auduga, ban da leda mai tara gumi. Kafin a saurari tayin dillali, a rubuta lambar da ke dandamalin keken ta hannun dama, domin da ita ake gano shekarar ƙira, harafin K da ke bin lambar samfuri kuwa yana nufin aikin Kilbowie ne.