Bayani A Kan Allon Mota Da Yadda Ake Ƙara Masa Ido

Yau mun ajiye zancen masara da waken suya a gefe, za mu taɓa wani abu da 'yan'uwa suka dame mu da tambaya a kansa tun daga Bakori har Funtuwa da Ɗandume, watau allon nan da ke zuwa a gaban mota daga kamfani, shin ana iya ƙara masa kyamara ko kuwa sai dai a cire shi a jefar?

Dalilin da ya sa muka shiga wannan magana shi ne wani abu da ya same mu a kakar bara. Direbanmu ya yi lodi a bakin kasuwa, buhuna sun rufe gilashin baya, yaron mota ya tafi sayen ruwa, shi kuwa ya sa ribas bai jira shi ba. Ashe akwai ɗan dako a baya da baro. Aka karya masa ƙafa. Mun yi jinya wata uku, mun ciyar da gidansa, har yau in ya taka yana ɗingishi. Alhali a gaban motar nan akwai allo mai faɗin tafin hannu biyu, yana ta haske, ba ya nuna komai sai agogo.

To, me ya sa allon ya zama haka? Galibin motocin da muke saye 'yan Kwatano ne ko na Legas, an yi amfani da su a Amurka ko Kanada ko Turai kafin su iso mu. Allon an yi shi ne domin ya nuna hanya. Tauraron ɗan'adam da ke faɗa wa mota inda take, shi kam saƙonsa yana iso Bakori kamar yadda yake isa ko'ina, kuma kyauta ne. Abin da babu shi ne taswirar ƙasarmu a cikin faifai ko katin da ke cikin na'urar. Shi ya sa za ka ga 'yar kibiya tana yawo a fili fetal, ko kuwa allon ya nace wai kana cikin wani gari na Amurka alhali kana tsakanin Bakori da Malumfashi. Ta wajen nuna hanya dai allon ya mutu a wurinmu, amma gilashinsa da wutarsa lafiya lau suke.

Kyamarar baya kuwa ba sabon abu ba ce. Kamfanin Toyota ya sa ta a wata mota mai suna Soarer a Japan tun 1991. A Amurka an mai da ita doka, duk ƙaramar mota sabuwa da aka ƙera daga 1 ga Mayu 2018 sai da ita. Saboda haka wanda ya sayi 'yar Amurka ta bayan wannan lokaci zai tarar da ita a jiki. Rigimar tana ga motocin da suka girmi haka, waɗanda su ne suka fi yawa a hannunmu, da kuma wanda yake da ta baya amma yana son ƙarin wata, ko a gaba ko a kan kaya.

Abin da ya kamata mai mota ya fara ganewa shi ne allo ba ya karɓar hoto sai ta ƙofa. A bayan na'urar akwai soket-soket, a cikinsu akwai bakin da hoton kyamara ke shiga, akwai kuma wata waya guda wadda aikinta ta faɗa wa allon cewa an sa ribas. A tsofaffin motoci wannan waya tana samun wuta ne lokacin da fitilar ribas ta kama. Da wutar ta iso, allon ya bar abin da yake nunawa ya koma ga kyamara. Sau da yawa kamfani yana yin na'ura iri ɗaya ga mota mai kyamara da marar kyamara, watau ƙofar tana nan, ba a dai sa mata komai ba. In ka yi dace taka irin wannan ce, aikinka ya yi sauƙi: kyamara, da doguwar waya, da ɗan soket da ya dace da bakin. Wasu da an haɗa suke ganewa da kansu, wasu kuwa sai an jona kwamfutar nan ta duba mota an buɗe musu.

In kuwa ƙofa ɗaya ce tak kuma kyamarar baya ta riga ta tare ta, to, ana raba ta. Ana sa ɗan makunni kusa da sitiyari tare da abin da masu rewaya ke kira rile, in ka danna, hoton kyamara ta biyu ya bi ta ƙofar, kuma a aika wa allon wuta ta wayar ribas don ya ɗauka baya ake yi. A nan dole a sa dayod, wani ɗan abu ne kamar ƙwayar shinkafa mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai. In ba a sa shi ba, duk sa'ad da ka danna makunni fitilun ribas za su kama kana tsakiyar gudu, na bayanka ya ruɗe. Wannan dabara tana sa 'yar kibiyar taswira ta riƙa tafiya da baya, amma wa ya damu da ita, tun da dama ba garinmu take nunawa ba.

Mu a nan ne muka yi hasara ta biyu, kuma muna faɗa ne don kada wani ya maimaita. Bayan abin da ya sami ɗan dakon nan, sai muka ce har ƙaramar motar gida, wadda ta zo da kyamararta ta asali, a ƙara mata ta gaba. Muka kai wa wani mai rewaya, yaro mai hannu a kan fitila da kik, ba mu raina shi ba. Ya yanke wayar kyamarar asali ya jona ta kai tsaye da fitilar ribas. Hoto ya fito sau biyu, na uku allon ya yi baƙi. Abin da bai sani ba, mu ma ba mu sani ba sai daga baya, da yawa daga kyamarorin da Toyota ke sawa daga kamfani wutar volt 6 suke ci, kuma na'urar allon ce ke ba su, alhali fitilar ribas volt 12 ce. Ya ba ta ninkin abincinta, ta ƙone. Kyamarorin kasuwa kuwa galibinsu volt 12 ne. Su kuma manyan motoci irin DAF da MAN da Howo volt 24 suke aiki da shi, kyamarar ƙaramar mota ba ta zama a jikinsu sai da abin rage wuta. Don haka kafin almakashi ya taɓa waya, ka ce a auna da mita a gabanka. Wanda ba shi da mita, sai ɗan kwan gwaji, ka ɗauki motarka ka yi gaba.

Akwai kuma motocin da ba su da ƙofa ko kaɗan, ko kuwa allon yana can sama shi kaɗai, na'urarsa tana wani wuri, waya ta musamman ce ke tsakaninsu. Irin su Lexus da Land Cruiser da motocin Jamus na baya-bayan nan haka suke. Su sai da akwati. Ɗan akwati ne kamar na ashana babba, ana zare wayar da ke zuwa allo a cusa masa, wata ta fito daga gare shi ta koma allon, shi ya zauna a tsakiya kamar dillali. In ba a neme shi ba sai ya bar hoton kamfani ya wuce, in an sa ribas ko an danna makunni ya tare hanya ya tura nasa. Yakan zo da baki biyu ko uku ko huɗu. Amfaninsa ba a yanke waya ko ɗaya, ranar da za ka sayar da mota ka zare shi ta koma yadda ta zo. Aibinsa kuwa kowace mota da irin nata, har shekarar ƙira tana bambanta shi, ba a cewa a ba ni na Toyota kawai. Ka ɗauki hoton allon da lambar da ke jikin na'urar ka tafi da su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, in babu su sa a kawo daga Legas. Kuma ka yi sharaɗi tun kafin ka biya cewa in bai hau ba za a karɓa.

Kuɗinsa fa ba kaɗan ba ne, ya ninka na kyamara sau da yawa, kuma tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023 duk kayan nan da dala suke tashi suke kwana. Shi ya sa wasu ke cewa gara a cire allon kamfani ɗungum a sa na Android. A mota irin Corolla ko Camry ta da, ba mu ga laifin haka ba, har ma ka sami taswirar da ta san Funtuwa. Amma a duba da kyau, akwai motocin da sanyin AC da wasu saiti duk ta allon kamfani ake juya su, ka cire shi ka cire su tare. Mai kanta ko tirela kuwa, mu a ganinmu kada ya wahalar da kansa, ya sayi ƙaramin allo daban mai baki biyu ko huɗu ya ɗaura a dashbod, ya fi arha ya fi ƙarko.

Wajen sayen kyamarar kanta akwai tarko biyu. Na farko, hoton kyamarar mota irin na da launi biyu ne, akwai NTSC na Amurka da Japan, akwai PAL wanda talabijin ɗinmu na Nijeriya da na Ingila suka taso a kai. Allon motar Amurka NTSC ya sani. Ka ba shi PAL sai hoto ya riƙa birgima, ko ya fito babu launi, ko ya ƙi fitowa sam, mai rewaya ya ce maka allo ne ya lalace alhali ƙalau yake. Na biyu, yanzu kasuwa ta cika da kyamarori masu rubutun AHD a kwali, hotonsu ya fi kyau, amma tsohon allo ba ya karanta su. Wadda ake nema ita ce mai rubutun CVBS, mai jan bakin nan rawaya irin na tsohon bidiyo. Wasu suna yin duka biyu, da 'yar waya da ake yankewa a sauya. Haka kuma ta baya tana juya hoto kamar madubi don dama ta zauna a dama, in ka ɗora irinta a gaba ba a gyara ba za ka ga mai babur a hagu alhali yana damanka.

Ga mu masu hatsi, wadda ta fi amfani bayan ta ribas ita ce wadda ke kallon kaya. A ɗaura ta a ƙarfen bayan kan mota, sama, tana duban buhuna. Direba zai ga in igiya ta saki, ko iska ta yaye tamfol ga hadari ya taso, ko wani ya ɗafe a inda ake rage gudu saboda ramuka. Buhun masara guda da ruwa ya jiƙa ya isa ya ɓata cinikin lodi a Dawanau. Amma a sani, allon kamfani nunawa kawai yake yi, ba ya ajiyewa. Wanda ke son shaida ranar da buhu ya yi ƙafa tsakaninsa da direba, sai ya ƙara na'urar ɗauka mai katin ajiya. Wayar da ke zuwa cikin kwali ba ta cika wuce mita 6 ba, ta ishi ƙaramar mota, ba ta ishi doguwa ba. Kada a yi ta ƙulla guntaye, a nemi doguwa guda mai bakin da ake murɗawa ya kulle, a bi da ita nesa da salansa.

Wani abu da ba mu goyon baya shi ne buɗe allon gaba don kallon fim ana tafiya. Kamfani ya ɗaure wannan da birkin hannu da gangan, masu rewaya kuma sun san wayar da ake jonawa da bodi a yaudare shi. Direban da ke ɗauke da buhu 100 na dukiyar mutane a hanyar Funtuwa zuwa Yashe, da rami da shanu da 'yan acaɓa, ba shi da idon da zai ba fim. In don yara ne a sa musu nasu a bayan kujera.

Ranar aiki ka tsaya a wurin. Kafin a cire kan batir ka tambaya ko rediyon motar mai neman lambar sirri ne, Honda da yawa haka suke, in wuta ta yanke sai an buga lambar kafin su sake magana. Ka tabbata an ɗauki wutar akwati daga layin da ke mutuwa in an zare makulli, kuma da fiyus a kai, in ba haka ba mota ta kwana biyu a ajiye ka tarar batir ya sauka. Duk mahaɗa a liƙe ta da dalma a rufe, baƙin salatif kaɗai zafin bazara yana sakinsa.

Ku kuma dillalan mota, in an kawo mai allo ana yabon kyamara, ku sa ribas ku gani da idonku, sa'an nan ku leƙa ƙarƙashin dashbod da tocila. In kun ga tarin salatif da wayoyin da aka yanke aka ƙulla, ku rage a kuɗi, domin wanda ya saya shi zai gaji ciwon. Bayan an gama, a sa mutum ya tsaya a bayan mota taku uku, sa'an nan taku ɗaya, direba ya duba yadda yake fitowa a allo, saboda gilashin kyamara mai faɗi ne, abin da ke kusa yakan yi kamar yana nesa. Namu direban yanzu yana da tsumma a aljihun ƙofa, kowace safiya ta hunturu sai ya goge idon kyamara kafin ya tashi mota, kuma mun hana shi sa ribas a cikin kasuwa in yaron mota ba ya tsaye a baya.