Daga Kurfai zuwa Jidda: Nisan Hanyar Sama

Maniyyaci daga Filinge, a ƙasar Kurfai, ba ya hawa jirgi a garinsu. Sai ya shiga mota ya bi ta Baleyara, tafiyar wajen kilomita 180, ya isa filin jirgin sama na Diori Hamani da ke Yamai. Daga nan zuwa Jidda, a bakin Bahar Maliya ta ɓangaren Asiya, akwai kimanin kilomita 4,000. Jirgin fasinja yana cin kilomita 800 zuwa 900 a awa guda, don haka idan ba a ya da zango ba, awa biyar zuwa shida sun isa. In ya sauka zai tarar agogon Saudiyya ya riga na Nijar da awa biyu.

Ta yaya aka san wannan nisa? Duniya a dunƙule take, shi ya sa layin da ka ja da rula a kan taswira yakan ruɗe ka. Kifa ƙwarya, ka ɗora zare tsakanin wurare biyu a bayanta, ka ja shi ya miƙe: inda zaren ya kwanta, nan ce hanya mafi kusa. Ita ake aunawa. Abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe shi ne, wannan layi ba baƙo ba ne a wurinsa. Shi ne alƙibla. Mai salla a Filinge yana fuskantar gabas, ya ɗan karkata arewa, kuma da zai miƙe bai kauce ba, zai ratsa Nijar da Chadi da Sudan, ya haye teku ya isa Makka.

Kakanni sun san wannan nisa da tafin ƙafarsu. Sukan bi ta Barno, su shiga Wadai da Darfur, su kai Kogin Nilu, sannan Sawakin inda ake shiga jirgin ruwa. Guzuri kan ƙare a hanya, mutum ya tsaya ya yi noma ko ƙwadago, tafiyar ta ɗauki shekaru. Da yawa ba su dawo ba, jikokinsu na nan a Sudan suna jin Hausa har yau.

Jirgi ma ba kullum yake samun bin zaren ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 an rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jirage suka riƙa zagaye, ga ƙarin lokaci ga ƙarin mai. Mai canza jirgi a Istanbul kuwa sai ya nausa arewa can nesa kafin ya gangaro kudu.

Paris ma nisanta daga Yamai kusan ɗaya ne da na Jidda, kilomita 3,900 da ɗoriya. Sai dai ita arewa take sak, a ƙetaren Sahara da Bahar Rum, shi ya sa a lokacin sanyi agogonta da na Nijar ɗaya ne.