Furotin masu hana mutuwa da tsananin ciwon daji

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin ɗan'adam tana da tsarin kashe kanta idan ta lalace ko ta tsufa, wanda masana ke kira apoptosis. Furotin irin su BAX da BAK ne ke huda mitokondiriya, inda ƙwaya ke samar da kuzari, daga nan sai ƙwayar ta ruguje. Wasu furotin kuma, kamar BCL-2 da BCL-XL da MCL-1, aikinsu tare wannan hanya. Lafiyar jiki ta dogara ne ga daidaito tsakanin ɓangarorin biyu.

A ciwon daji, ma'aunin yakan karkata zuwa ga masu hana mutuwa. An gano ƙwayar gadon BCL-2 a 1984 cikin wata sankarar kaluluwa mai tafiyar hawainiya, inda kromosom na 14 da na 18 ke musayar gutsure, lamarin da ke sa a yi ta samar da furotin ɗin fiye da kima. A 1988, David Vaux da Suzanne Cory da Jerry Adams, a birnin Melbon na Ostareliya, suka nuna cewa BCL-2 ba ya ingiza ƙwaya ta hayayyafa, hana ta mutuwa kawai yake yi.

Wannan bambanci shi ne mabuɗin fahimtar tsananin cutar. Hana mutuwa shi kaɗai yakan haifar da ciwo mai girma a hankali. Amma ƙwayar da ta ƙi mutuwa tana samun lokacin tara wasu lahani. Idan ƙwayar gadon MYC, mai tunzura hayayyafa, ta rikice, a ka'ida ƙwayar halittar takan kashe kanta. BCL-2 ne ke kawar da wannan shinge. Shi ya sa sankarar kaluluwar da ta haɗa lahanin MYC da na BCL-2 take cikin mafi muni. Haka kuma yawancin magungunan daji da gashin da ake yi a asibiti suna aiki ne ta tunzura apoptosis, don haka ƙwayar da ta toshe hanyar kan bijire musu, ciwon ya dawo bayan jinya.

Sai dai wannan kariya ta zama lagon cutar, domin ƙwayar daji kan dogara kacokan ga furotin ɗin. A 2016 Amurka ta amince da venetoclax, mai toshe BCL-2, don wata sankarar jini, kuma ya sauya yadda ake jinyarta. Matsalar ita ce lafiyayyun ƙwayoyi ma na bukatar waɗannan furotin: toshe BCL-XL na rage ƙwayoyin da ke daskarar da jini, toshe MCL-1 kuma na iya illata zuciya. Ƙwayar daji kuwa kan koma ga MCL-1 idan aka rufe mata BCL-2. Saboda haka bincike ya karkata ga haɗa magunguna, da gano furotin ɗin da ciwon kowane majinyaci ya dogara a kansa kafin a zaɓa masa magani.