Filin Hira Da Sanarwa Na Rediyon Jiha: Abin Da Falke Zai Tsinta A Ciki

Mun ga ya dace a wannan fitowa mu yi bayani a kan filin nan na rediyo da ake gayyato shugabannin ƙungiyoyi a yi hira da su, sa'an nan a karanta sanarwar tarurrukan da ke tafe. Da yawa daga cikinmu da an gama labaran duniya sai a murɗa akwati a koma wata tasha, wai sauran duk surutun 'yan boko ne. Alhali kuwa a cikin surutun nan ne ake faɗin ranar allurar dabbobi, da ranar da za a ɗage kasuwa, da takardar da za a fara tambaya a kan iyaka.

Mu mutanen Briketeri ba baƙin rediyo ba ne. Iyayenmu sun saurari Kaduna a nan Yawunde, sun saurari sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, daga baya Jamus da Muryar Amurka suka shigo, a 2007 kuma Faransa ta buɗe nata. Amma waɗannan duk labarin nesa suke kawowa. London ba za ta gaya maka ranar da malaman dabbobi za su sauka a Maiganga ba. Wannan aikin tashoshin jiha ne. Gidan CRTV, wanda aka kafa a 1987 da aka haɗe rediyo da talabijin wuri ɗaya, yana da tasha a kowace jiha cikin goman nan, kuma waɗanda suka fi shafarmu su ne na Ngaundere da Garwa da Marwa da Bartuwa, da ta nan Yawunde. A tashoshin arewa ana magana da harsunan gida, Fulatanci ne kan gaba. Tun daga 2000 kuma da gwamnati ta fitar da ƙa'idar buɗe tashoshi masu zaman kansu, ƙananan gidajen rediyo sun yawaita, kowanne da irin nasa filin.

To, abu na farko da ya kamata a gane shi ne, maganar da ke fitowa a filin nan ba iri ɗaya ba ce, ko da yake murya ɗaya ke karanta ta. Akwai sanarwar hukuma, wato wadda gwamna ko ferefe ko ma'aikatar dabbobi ta MINEPIA ta sa wa hannu. Akwai sanarwar kuɗi, wadda kowa ma zai iya kai takardarsa ya biya a karanta masa, kamar ta rasuwa ko ɗaurin aure ko cigiyar saniya. Sa'an nan akwai hira, inda mai gabatarwa ke zaunar da baƙo ya faɗi abin da ƙungiyarsa ke yi. Ta farkon ce kaɗai ke da ƙarfin doka. Sauran biyun maganar mai ita ce, gidan rediyo bai rantse a kanta ba. Mun daɗe a nan ne domin an sha zuwa kara ana cewa "ai a rediyo na ji", kamar an ce an gani a Alƙur'ani, sai ka bincika ka tarar wani ne ya biya kuɗinsa aka karanta.

Wanda ke shakkar nauyin sanarwar hukuma ya tuna da Janairun 1994. A dare ɗaya aka karya darajar sefa, faran ɗin Faransa da ke kan sefa 50 ya koma 100, kuma ta rediyo labarin ya iso wa mutane. Wanda ya ji da wuri ya riƙe shanunsa, wanda bai ji ba ya sayar a tsohon farashi. A kusa-kusan nan ma an ga irinta. A Oktoban 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar canza takardun naira, farkon 2023 kuɗi suka ɓace a kasuwannin Mubi da Yola, aka yi ta sayar da dabba a wulaƙance saboda ba tsabar biya. A shekarar 2023 ɗin dai bankin BEAC ya janye tsofaffin takardun sefa samfurin 1992, masu ajiya a ƙarƙashin katifa suka shiga neman inda za su canza. A Mayun 2025 kuma, ana saura makonni a yi layya, gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi daga ƙasarta. Duk wanda ya ba da kafin alƙalami a kan ragunan Maraɗi ya san yadda ta kaya. Ba ɗaya cikin waɗannan da aka yi a ɓoye, duk sai da aka faɗa.

Sai maganar ƙungiyoyin da ake kawowa filin. Wasu sanannu ne, kamar MBOSCUDA ta 'yan'uwanmu Mbororo da aka kafa a 1992, da APESS ta makiyaya da ta samo asali a Burkina Faso a 1989, da Miyetti Allah a wancan ƙetaren. Waɗannan ko mutum bai yarda da duk abin da suke yi ba, ya san ofishinsu, ya san inda zai kai kuka. Amma ban da su akwai ƙananan da ke tsirowa kamar ciyawar farkon damina, musamman in an ji ƙishin-ƙishin wani tallafi zai fito. Shugaba ya zo da babbar riga, ya yi Faransanci mai daɗi, a ƙarshe ya ce duk mai son shiga ya kawo kuɗin kati. Kafin hannu ya shiga aljihu, ga abin da doka ta ce.

Dokar ƙungiyoyi ta Kamaru ita ce mai lamba 90/053 ta 19 ga Disamba 1990. Ƙungiyar 'yan ƙasa takan kai takardunta ofishin ferefe na inda mazauninta yake, da tsarin mulkinta da sunayen shugabanninta, a ba ta takardar shaida, wadda muke kira resefise. In ferefe ya yi shiru har wata biyu, doka ta ɗauka ya yarda. Saboda haka tambayar farko ga kowane mai kati ita ce: ina resefise, kuma wane ofishi ya bayar? Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Akwai kuma wani sashe na dokar da ya shafe mu fiye da kowa, mu masu cin kasuwa a ƙasa biyu ko uku. Ƙungiyar da hedkwatarta ke waje, ko wadda baƙi ke shugabanta, ko wadda fiye da rabin mutanenta baƙi ne, doka na kiranta ƙungiyar baƙi, kuma resefisen ferefe bai ishe ta ba, sai da izinin ministan harkokin cikin gida. Kun san yadda muke a nan unguwa, wannan kakansa daga Kano, wancan daga Damagaram, wancan an haife shi a bayan babban masallaci amma har yau bai gyara takardunsa ba. Mu a wurinmu duk ɗaya ne, amma takarda ba ta san zumunci ba. In za a kafa reshe ko a zaɓi shugabanni, a duba wannan tun da fari, kada sai an tara kuɗin jama'a a zo a ce ƙungiyar ba ta da tushe. Masu son haɗa jari don saye da sayarwa kuwa, hanyarsu daban ce, ita ce ta GIC da ƙungiyoyin gama kai da dokar 1992 ta kawo, wadda ƙa'idar OHADA ta 2010 ta zo ta yi wa gyara.

Haka shi ma taro. In an ce za a yi taron jama'a a fili, doka ta ce a sanar da suferefe aƙalla kwana uku cikakku kafin ranar. Wanda zai taso daga Ngawi ko Garwa-Bulai saboda taron da ya ji a rediyo, ya fara bugo waya ya tambaya ko an kai wannan takarda, kada ya ƙona kuɗin mota ya tarar da jandarma a bakin ƙofa.

Yanzu ga abubuwan da ke tafe, waɗanda za ku riƙa ji ana maimaitawa a filin. Babbansu dai Babbar Salla. Kowa ya san shekarar Musulunci na gaza ta Turawa da kwana 10 ko 11, amma ba kowa ke sa wannan a lissafin kasuwa ba. Layyar 2024 ta zo a tsakiyar Yuni, ta 2025 a farkon Yuni, ta 2026 ƙarshen Mayu, ta 2027 kuma in Allah ya kai mu wajen tsakiyar Mayu za ta faɗo. Ma'ana, daga nan har wasu shekaru Salla cikin bazara da rani za ta riƙa shiga, lokacin da makiyayar arewa ta ƙone, harawa da dusa da angurya suka yi tsada. Ragon daji zai zo a rame, na turke ne zai yi daraja. Mai Uda ko Balami da ke son ya ci kasuwar Witiyem a Tsinga sai ya ɗaure tun da sauran watanni uku ko huɗu, ya tanadi abinci tun kaka. Kuma malamai za su shigo filin su tuna wa masu saye sharuɗɗan layya, cewa ba a yi da mai ido ɗaya, ko gurgu, ko mara lafiya, ko ramamme ƙwarai. Mai saye na saurare, saboda haka mai sayarwa ma ya saurara.

Ranar Sallar kanta a jira sanarwa. A nan Kamaru akwai hukumar duban wata ta ƙasa, a Nijeriya kuma fadar Sarkin Musulmi ke faɗa, kuma ba kullum suke dacewa ba. Bambancin kwana ɗaya ba ƙaramin abu ba ne ga mai lodi a hanya, domin ragon da ya iso bayan an sauko daga idi ya zama na kiwo.

Bayan Salla sai Kirsimeti da sabuwar shekara, waɗanda su ne kakar masu shanu a kudu. A lokacin ne karar Etudi ke cika, mahautar SODEPA ba ta hutawa, masu kai kaya Kye-Osi don Gabon da Gini ta Malabo su ma suna nema. A da jirgin ƙasa muke jira a tashar Ngaundere, tafiyar kilomita 622 zuwa nan, yau kuwa manyan motoci ke ta bin kwaltar Maiganga da Bartuwa. Ko ta ina, wanda ya makara neman abin lodi a Disamba zai biya ninki. A watan ne kuma akan shirya ƙananan bukukuwan nunin amfanin gona da dabbobi a jihohi. Babban na ƙasa an yi shi a Ebolowa a Janairun 2011, bayan na Marwa na 1988. Mutanenmu ba su cika zuwa irin wannan ba, suna ganin ɓata lokaci ne, amma a can ne mai Gudali mai kyau ke haɗuwa da masu otal da masu sayen kwangila ba tare da dillali uku a tsakani ba. Ranakun 11 ga Fabrairu da 20 ga Mayu kuwa ba sai an faɗa ba, ofisoshi a rufe, manyan titunan gari na masu fareti ne, kada a tsara shigowa da lodi a ranar.

Saura allura. Tsofaffinmu ba su manta da bushiyar 1983 ba, wadda ta share garke da yawa a Nijeriya da nan. Alhamdu lillahi a 2011 aka tabbatar an kawar da ita daga duniya baki ɗaya, kuma da allura aka yi wannan aiki. Amma ciwon huhu na nan, ciwon baki da kofato na nan, ga annobar tumaki da awaki da ake fatan gamawa da ita zuwa 2030. Magungunan rigakafin ana yin su a ɗakin binciken LANAVET da ke kusa da Garwa, kuma ranakun fita yi wa dabbobi ta rediyon jiha ake faɗarsu. Takardar allurar nan ita ce uwar sauran takardu, domin a ƙasashen CEMAC akwai fasfon dabbobi da takardar ƙetare iyaka da hukumar CEBEVIRHA mai mazauni a Njamena ta tsara, a ɓangaren ECOWAS kuma akwai tasu tun 1998. Wanda bai da ita ya ba mai shinge dalilin tsare shi, kuma kowa ya san abin da kwana biyu a tsaye cikin rana ke yi wa sa a bayan mota.

Mu ma ya kamata a riƙa jin muryarmu a filin, ba kullum mu ne masu saurare ba. In an gayyaci ƙungiya, a tura mutum biyu, ɗaya mai Faransanci ɗaya mai Fulatanci da Hausa, su tafi da abin da aka amince a rubuce. A yi maganar burtali da mashaya da yawan shingaye da satar shanu, amma kada a kama sunan wani ma'aikaci ko wani ɗan kasuwa a kan iska, domin ɓata suna laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa, kuma gidan rediyon ba zai sake buɗe mana ƙofa ba. In sanarwa za a kai, a rubuta rana da sa'a da wuri da wanda ya kira taron, a sa hatimi, a kai da sauran mako guda, a roƙi a karanta da harshe biyu, a karɓi rasit.

Da yake yawancinmu a hanya muke lokacin da ake filin, muna roƙon masu masauki na Ngaundere da Garwa da Marwa da Bartuwa kowanne ya sa yaro ɗaya mai karatu ya riƙa saurare yana rubutawa, ko da ajami ne, tare da sunan wanda ya sa hannu a sanarwar da ranar da aka karanta ta. Abin da aka samu a turo wa sakatare ta WhatsApp kafin Juma'a, shi kuma zai karanta wa jama'a a zaure bayan an sauko daga masallaci.