Tokar Aman Wutar Dutse da Zirga-zirgar Jiragen Sama

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana dalilin da ya sa aman wutar dutse kan dakatar da jiragen sama, ko da kuwa suna nesa da dutsen.

2.0 Yanayin Tokar

Abin da ake kira toka a nan ba irin ta murhu ba ce. Garin dutse ne da ɓarɓashin gilashi mai kaifi, wanda iska kan kwashe zuwa nisan dubban kilomitoci. Na'urar hangen yanayi ta jirgi ba ta ganin wannan gari, domin danshin gajimare aka ƙera ta ta gano. Idan injin ya shaƙe shi, zafi kan narkar da shi, sannan ya daskare ya toshe hanyar iska, har injin ya mutu.

3.0 Misalai

A 1982, wani jirgin British Airways ya kutsa cikin tokar dutsen Galunggung na Indonesiya da dare. Injinansa huɗu suka mutu baki ɗaya. Sai da ya yi ƙasa ya fita daga tokar sannan suka sake tashi, ya sauka a Jakarta lafiya. A watan Afrilu na 2010 kuwa, aman dutsen Eyjafjallajökull na Aislan ya sa aka rufe akasarin sararin samaniyar Turai kusan kwana 6, aka soke tashin jirage kimanin 100,000.

4.0 Kammalawa

Tun da matuƙi ba ya iya hango haɗarin, dole ya dogara ga gargaɗi daga ƙasa. Cibiyoyi 9 ne a duniya ke bin sawun tokar, suna sanar da inda ta nufa domin jirage su kauce mata.